Babi na 4: Huhu da Ƙirga Numfashin Yaro

Darasi na 1

Kowa yana da huhu biyu a cikin ƙirji, na dama da na hagu, haƙarƙari ya kewaye su. Ku ɗora hannu a ƙirjinku, ku ja iska. Kun ji ya taso? Huhu ne ya cika. Ku saki iskar. Ya sauka.

Tasowar nan da saukar, a haɗe, su ne numfashi ɗaya.

Yanzu ga yaro. Ku jira ya natsu, ko yana barci ma ya fi. Kada ku ƙirga yana kuka. Ku ɗaga rigarsa ku kalli cikinsa. Wani ya riƙe agogo ko waya, ya ce "fara", in minti ɗaya ya cika ya ce "tsaya". Minti ɗaya daƙiƙa 60 ne.

Ciki ya taso, ya sauka: ɗaya. Ya taso, ya sauka: biyu. Kada ku ce ɗaya da ya taso, biyu da ya sauka. A nan yawancin ɗalibai ke tuntuɓe, ba ku kaɗai ba ne, kada ku ji kunya. Ku sake gwadawa. Ya taso, ku yi shiru. Ya sauka, ku ce ɗaya. Madalla. Ku sake.

Iyayena, don Allah ku daina gaggawa. Wasunku sun ji wannan tun makon jiya, amma har yanzu suna ninka lissafi, yaro mai numfashi 30 su ce 60, su tayar wa gida hankali. Wasu kuma su ƙirga rabin minti su ce ya isa. Bai isa ba! Numfashin jariri yakan yi sauri, ya lafa, ya sake sauri. Cikakken minti, kuma tasowa da sauka ɗaya ne.

Darasi na 2

Yaro mai tari, in kun samu wannan adadi ko fiye a minti ɗaya, numfashinsa ya yi sauri:

Ƙasa da wata 2: numfashi 60.
Wata 2 zuwa 11: numfashi 50.
Shekara 1 zuwa 5: numfashi 40.

Yana iya zama limoniya. A kai shi asibiti ranar, kada a tsaya jiƙe-jiƙe. In ƙasan ƙirjinsa na lotsawa ciki lokacin da ya ja iska, ko ya kasa shan nono, a tafi nan take.

Darasi na 3

Babban mutum da ke hutawa yana numfashi 12 zuwa 20 a minti. Ku ƙirga na wani a gida, ku rubuta a littafinku, ku zo da shi.