Sabon zuwa New York: ka san yadda garin ya girma, ka huta da ɓata

Abin da ya fi rikita baƙo a makonsa na farko a New York shi ne hanya. Sanyi dai babbar jaket ta ishe shi. Ita kuwa hanya, sai ka gane cewa garin nan daga kudu ya faro, ya yi ta hawa arewa.

A bakin tsibirin Manhattan ta kudu 'yan Holand suka kafa sansanin cinikin fatu wajajen 1625, a ƙasar mutanen Lenape, suka kira shi New Amsterdam. A 1653 suka gina katanga a iyakar garin, daidai inda Wall Street yake yanzu. Turawan Ingila suka karɓe shi a 1664, suka canja masa suna. Shi ya sa titunan wannan yanki suke a murɗe kamar lungunan cikin badalar Kano, ba lamba sai suna. Nan kam ka riƙe wayarka da kyau.

Sauran tsibirin kuwa da awo aka yanka shi, bisa tsarin 1811. Titunan da ake kira Street sun ratsa daga gabas zuwa yamma, lambarsu na ƙaruwa in ka nufi arewa, su kuma Avenue sun miƙe kudu da arewa. Fifth Avenue ce ta raba East da West, saboda haka in aka ce maka 116 kawai, tambayi wane ɓangare. In kana bin Avenue, ratsa Street ashirin kusan mil ɗaya ne, ba sai ka ɓata kuɗin tasi ba. Lambobin sun haye har Bronx, yankin da ke arewa da Manhattan, inda 'yan'uwanmu na zangon Ghana da na Nijar suke da masallatai da shagunan abinci, sai dai can Jerome Avenue ce mai rabon.

Inda mutane suka fi faɗawa shi ne Brooklyn da Queens. Brooklyn birni ne mai cin gashin kansa har 1898, lokacin da aka haɗe yankuna biyar suka zama gari guda, kuma kowa ya zo da lambobinsa. Akwai 86th Street a Manhattan, akwai wani a Brooklyn. Kada ka karɓi adireshi ba sunan yanki.

Jirgin ƙarƙashin ƙasa ya fara a 1904, kuma dare da rana yake aiki. Uptown arewa ke nan, Downtown kudu. Duba allon tun kana sama, domin a wasu tashoshin kowane ɓangare da ƙofarsa, in ka shiga ba daidai ba sai ka fito ka tsallaka titi.

Ranar da ba ka da aiki, ka je maƙabartar Afirkawa kusa da 290 Broadway. A 1991 masu haƙa harsashin gini suka ci karo da ita. Bayi da 'yantattu na zamanin mulkin mallaka ne kwance a wurin, don sai 1827 aka gama soke bauta a jihar. Shiga kyauta ne.