Yadda ake buga bulon titi mai cin gubar hayaƙin mota da hasken rana

Sirrin wannan bulo wani farin gari ne mai suna titaniyam dayoksaid, TiO2 a taƙaice. Idan hasken ultrabayolet na rana, wanda ido ba ya gani, ya sauka a kansa, sai ya taɓa laima da iskar oksijin da ke manne a jikinsa, ya fitar da wasu ƙwayoyi masu saurin kama abu. Su ke damƙe iskar naitrojin oksaid, wato NO da NO2, da salansar mota ke fesowa, musamman mai shan dizal, su mayar da shi naitret. Naitret ɗin ya haɗu da kalsiyam na siminti ya zama gishiri, ruwan sama ya wanke shi, garin kuwa yana nan bai ƙare ba. Tushen ilimin aikin Akira Fujishima da Kenichi Honda ne, wanda suka yi a Japan suka wallafa a 1972.

Aikin duka a fatar bulo yake faruwa, inda haske da iska da garin suka gamu. Duk ƙwayar da ta nutse cikin kankare asarar kuɗi ce, duk abin da ya rufe fatar kuma ya kashe aikin.

Da farko a kula da irin garin da za a saya, don nan mutane suka fi yin ɓatan kai. TiO2 ɗin da ake zuba wa farin fenti nau'in rutayil ne, an kuma lulluɓe ƙwayoyinsa da gangan don kada rana ta tayar da su su cinye fentin. Ko an zuba buhu goma ba abin da zai yi. Wanda ake so shi ne nau'in anatas mai laushin gaske, irin su P25 na kamfanin Evonik, wanda akasarinsa anatas ne, ƙwayarsa kuma wajen nanomita 21 (nanomita kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita). Akwai kuma siminti da ake sayarwa an riga an gauraya shi, kamar TX Active da kamfanin Italcementi na Italiya ya fito da shi.

Bulon hawa biyu ake bugawa. Na ƙasa kankare ne na yau da kullum, shi ke ɗaukar nauyin mota. Na sama milimita 5 zuwa 10 kacal, shi ke ɗauke da garin. Ma'aunin da aka fi amfani da shi kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari na nauyin simintin hawan sama. A kashi 4, buhu mai kilo 50 zai ci kilo 2. Idan kaurin milimita 8 ne, kwaɓin kuma na kilo 400 na siminti a kowace kubik mita, murabba'in mita ɗaya zai ci siminti kilo 3.2 da gari wajen giram 130. Ƙara yawa bai cika biyan kuɗinsa ba, don ƙwayoyin kan dunƙule su rufe juna.

Dunƙulewar nan ce babbar matsalar kwaɓi. Garin yana da ƙishirwa, yana shanye ruwa, kwaɓin ya yi tauri, mai injin ya ƙara ruwa, bulon ya fito ba ƙarfi. Maimakon haka, a fara dama garin a cikin ruwan kwaɓin tare da sinadarin sassauta kankare, a motsa da injin mai gudu har ya zama kamar madara ba gudaji, sannan a juye kan siminti da yashi. Mai buɗe buhu ya sa takunkumi mai tace ƙura da tabarau, don Hukumar Binciken Ciwon Daji ta Duniya ta sa ƙurar TiO2 a rukunin 2B, wato abin da ake zargin shaƙarsa na iya jawo ciwon daji.

Bulo fari ko toka-toka mai haske ya fi. Launi mai duhu yana shanye hasken da garin ke buƙata. Fuska mai ɗan kaushi ta fi mai santsi, tana ba iska wurin taɓawa. Wajen ƙosar da bulo a yi da ruwa ko a rufe da leda. Kada a fesa maganin da ke barin kakin zuma ko roba a sama, kada kuma a shafa man sheƙi bayan shimfiɗa. Idan farin gishiri ya tsattsafo a fuska, a goge shi da buroshi. Bayan an cika tsakanin bulo da yashi an daddale, a share ragowar tas.

Kwalta ta fi wuyar sha'ani. Baƙin manta yana lulluɓe garin, inda haske ya samu shiga kuma garin kan soma cin man kansa. Ana iya fesa ruwan garin a sama, amma taya na kankare shi da wuri. Wanda ya fi daɗewa shi ne a shimfiɗa kwalta mai ƙofofi a cika ta da ruwan siminti mai garin.

Kafin a karɓi kaya, a nemi sakamakon gwajin ISO 22197-1, ma'aunin duniya na auna yadda abu ke rage NO da haske, a duba abu biyu: yawan NO da ya ragu, da yawan NO2 da ya fito. Bulo mara kyau kan tsaya a rabin hanya, ya mayar da NO zuwa NO2, wanda ya fi cutar da huhu. A wurin aiki ana iya ɗiga jan rinin rodamin B a kan bulo biyu, a bar ɗaya a rana, a kife kwano a kan ɗayan. Launin na rana ya kamata ya koɗe sosai. Wannan alama ce kawai cewa garin na da rai.

Wurin shimfiɗawa ya fi komai tasiri. Ultrabayolet bai wuce kashi 5 cikin ɗari na hasken rana ba, anatas kuma ba ya motsawa sai da hasken da tsawon zangonsa bai kai nanomita 390 ba. Inuwar bishiya, motocin da aka ajiye, laka, baƙin mai, duk suna tsayar da shi. Da dare kuma ba ya komai. Laima mai yawa na cika fuskar ta hana hayaƙin zama, iska mai ƙarfi kuma na kwashe shi kafin ya taɓa ƙasa. A titin Castorweg na garin Hengelo a Holan, binciken da aka wallafa a 2013 ya samu raguwar naitrojin oksaid da kashi 19 cikin ɗari a yini, har 45 a yanayi mafi dacewa. A hanyar mota ta ƙarƙashin ƙasa da ke Burasels, wadda a lokacin ake kira Leopold II, kuwa, duk da fitilun ultrabayolet da aka kafa, ba a ga raguwar a-zo-a-gani ba, saboda datti da laima da ƙarancin haske. Don haka a zaɓi titi mai cunkoso, mai samun rana, wanda gine-gine ke tare wa iska.

A ba titin gangara zuwa magudanar ruwa don naitret ya samu mafita. Idan aka daɗe ba ruwan sama, a wanke da tiyo mai ƙarfi, ruwa zalla ba sabulu, a kuma sake gwajin rinin bayan shekara guda a kan bulon da taya ta fi takawa.