Kurakuran da na gaji da gani a binciken jini da zuciya na masu kuturta da waɗanda maciji ya sara

Kusan duk daftarin binciken da ƙannenmu masu tasowa ke kawo mini in duba, jadawalinsa tsaf, lissafinsa ba laifi, amma da na tambayi yadda aka ɗebi jinin sai in tarar tun a bakin gadon majinyaci aka ɓata aikin. Kurakuran kuma ba sa canzawa. Ɗaya daga cikinsu ni da kaina na tafka shi, har yau in na tuna sai raina ya sosu, don haka da shi zan fara.

Maganar kwalba ce. Gwajin daskarewar jini na minti 20 shi ne abin dogaron mai kula da wanda kububuwa ta sara, tun aikin da likita David Warrell da abokansa suka yi a Zariya a shekarun 1970. Dafin kububuwa yana tsokanar jini ya cinye sinadaran daskarewarsa har su ƙare, sai jinin ya zama kamar ruwa. Gwajin ba wuya: a ɗebo kamar mililita 2 daga jijiya, a zuba a sabuwar kwalbar gilashi busasshiya, a ajiye ba taɓawa, bayan minti 20 a karkata ta sau ɗaya. In jinin ya malalo, dafi ya shiga. Sirrin yana jikin gilashin, domin haɗuwar jini da shi ce ke tayar da daskarewar. A kwalbar roba ko cikin sirinji, jinin lafiyayyen mutum ma yana iya ƙin kamawa a kan lokaci. Haka kwalbar da aka wanke da sabulu.

Na san wannan a takarda. Amma a farkon aikina kwalaben gilashi suka ƙare, aka kawo na roba, ban ko ɗaga kai na duba ba. Makonni ana tafiya, kusan duk wanda aka kawo jininsa ba ya kamawa, ni kuwa har murna nake wai na gano sabon abu. Wani dattijo a ɗakin gwaje-gwaje ne ya ce mini, "Likita, miƙo hannunka." Ya ɗebi jinina ya raba biyu, rabi a gilashi, rabi a roba, ya ajiye agogonsa a kan tebur bai ce uffan ba. Da lokaci ya cika na gilashin ya kama gam, na robar kuwa yana reto. Ni da ko ƙadangare bai cije ni ba. Bayanan da na tara duk na watsar, wannan ma da sauƙi. Abin da ya hana ni barci shi ne an yi wa wasu allurar maganin dafi bisa wannan sakamako, magani mai wuyar samu, wanda kuma kan tayar wa jiki da hankali har numfashi ya sarƙe. Tun ranar duk sabon kwalin kwalabe sai na gwada ɗaya da jinin lafiyayye kafin a taɓa majinyaci, kwalin yana kulle a durowata, a takardar tattara bayanai kuma na ƙara gurbin rubuta irin kwalbar. Wasu na ce mini na cika tsanani. Su faɗa.

Sai agogo. "Da safe" ba lokaci ba ne. Ina son lokaci uku a rubuce da awa da minti: na sara, na isowa, na shigar magani. Kuma ku daina maimaita gwajin bayan awa ɗaya kuna rubuta wai magani bai yi aiki ba. Ko dafin ya mutu, hanta na bukatar sa'o'i kafin ta mayar da abin da aka cinye, shi ya sa ake jiran awa 6. Kada kuma ku rufe fayil da kamawar farko, jinin kan sake tsinkewa bayan kwana ɗaya ko biyu in sauran dafi ya fito daga wurin saran.

A ɓangaren zuciya, kafin ka ce dafi ya taɓa ta, duba ko an yi wa mutumin adirinalin, allurar da ake yi in maganin dafi ya tayar wa jiki da hankali. Wanda ya tsorata, ya zubar da jini, aka kuma yi masa wannan allura, dole zuciyarsa ta yi gudu, zanen bugun zuciyarsa na ECG ma ya canza. In ƙoda ta tsaya, sinadarin fotasiyom na taruwa a jini ya sauya zanen, don haka ba na karɓar ECG da ba a auna aikin ƙoda tare da shi ba.

Yanzu kuturta, inda nake yawan ɗaga murya. Wani ɗalibi ya kawo mini aiki, ya auna jinin majinyata da yawa, ya kammala cewa kuturta na farfasa jajayen ƙwayoyin jini. Na ce masa, "Nawa ne a cikinsu ba su fara shan magani ba?" Shiru. Dukkansu sun yi watanni a kai. Haba! Tun 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta kawo haɗin magungunan rifamfisin da dafson da kilofazimin, wanda a yanzu ake sha wata 6 ga masu ƙarancin ƙwayar cutar, wata 12 ga masu yawanta, kuma ba ɓoyayyen abu ba ne cewa dafson na farfasa jini. Kusan duk mai shan sa jininsa kan ɗan sauka, mai ƙarancin G6PD kuwa, sinadarin da ke kare jajayen ƙwayoyin jini, ƙarancin da ya fi yawa a maza a yankunan zazzaɓin cizon sauro, nasa kan zube sosai. Kuturtar da kanta tana kawo ƙarancin jini irin na doguwar cuta, ba na musu. To ta yaya za ka raba na cuta da na magani in ba ka da awon ranar farko, kafin a haɗiyi ƙwaya ko ɗaya? Ba yadda za a yi. Shekara guda ta yaron nan ta tafi a banza saboda gaggawar zuwa inda majinyata suka riga suka taru. Ni ba na sa hannu a kan tsarin bincike sai na ga awon farko, da gwajin G6PD, da na sikila, da na tsutsar ciki.

Dafson ɗin nan yana da sauran wayo. Yana juya jini ya yi launin ƙasa-ƙasa, leɓe ya yi shuɗi, na'urar ɗan yatsa mai auna oksijin a jini ta maƙale a wajen kashi 85 ko an sa iskar oksijin, sai marar sani ya rubuta ciwon zuciya ko na huhu. Yana kuma saukar da sakamakon HbA1c, gwajin matsakaicin sugan jini na watannin baya, ya ɓoye maka ciwon suga, alhali suga na lalata jijiyoyin da ke daidaita bugun zuciya kamar yadda kuturta ke yi. In waɗannan jijiyoyi kake bincike, auna sugan kai tsaye, ka kuma ɗauki awon hawan jini a kwance, sannan a tsaye bayan minti 3. Kilofazimin na tsawaita tazarar QT, wani awon lokaci a zanen ECG; a hanyoyin daidaita wannan awo da saurin bugu, lissafin Bazett na ƙara gishiri idan zuciya na sauri, ni na Fridericia nake bi. Jan fitsari washegarin shan rifamfisin ba jini ba ne. Fararen ƙwayoyin jini in sun hau, tambayi ko ana ba majinyacin firednisolon, maganin kumburi, ko cutar ce ta motsa da kumburi da zazzaɓi.

Ƙananan kuwa ba sa bukatar dogon bayani. Kada a ɗebi jini a gaɓar da aka sara. Kwalbar sitiret, wadda ake ɗebar jinin gwajin daskarewa na ɗakin gwaje-gwaje a cikinta, a cika ta zuwa layinta. Sunan macijin da ɗan rakiya ya faɗa a rubuta shi a matsayin zato, sai in an kawo gawarsa wani masani ya gani, don kasa da kububuwa ba abu ɗaya suke yi wa jini ba. Ma'aunin "lafiya" da ke jikin takardar na'ura daga jinin wasu al'ummomi aka samo shi, kuma mutanen Afirka ta Yamma da yawa nutirofil ɗinsu, wani nau'in fararen ƙwayoyin jini, a ƙasa yake ba tare da wata cuta ba.

Takardar yarda ma ina ganin ana wasa da ita. Na taɓa tsayawa ina kallon mai taimaka wa bincike yana tura wa wata tsohuwa tawadar dangwale, ita kuwa tana jan hannunta cikin mayafi, domin cutar ta cinye yatsun. Na janye shi gefe. A irin wannan hali a karanta mata takardar da harshenta, ta amsa da baki, shaidan da ba ya cikin masu binciken ya sa hannu a madadinta, a rubuta rana da lokaci.