Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Tsara Yawon Buɗe Ido a Garuruwan Arewacin Kamaru

Wanda ya kawo maganar cunkoson 'yan yawon buɗe ido a Marwa ko Garwa a yau, da mamaki za a dube shi, domin tun da aka sace wasu Faransawa 'yan gida ɗaya kusa da gandun dajin Waza a watan Fabrairun 2013 baƙi suka yi ƙaranci, masu yi musu jagora a Rumsiki, ƙauyen da baƙi ke zuwa kallon duwatsunsa, suka rasa abin yi. Kuskuren farko ke nan: ɗaukar cunkoso a matsayin matsalar Turai kaɗai, wadda ba ta kai a zauna a kanta ba. Birnin Venis na Italiya bai hana manyan jiragen ruwa ratsa tsakiyarsa ba sai a 2021, bai kuma fara karɓar Yuro 5 daga masu zuwa yini guda ba sai a 2024, lokacin da mazauna tsohon garin suka riga suka ragu zuwa ƙasa da 50,000, alhali sun haura 170,000 a farkon shekarun 1950. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yanzu da baƙi ba su da yawa ne hukumar gari za ta iya kafa doka ba tare da masu otal sun tayar da jijiyar wuya ba.

Wani kuskuren shi ne auna nasara da yawan waɗanda suka shigo. Na taɓa tsayawa a kasuwar masu sana'ar hannu ta Marwa, mota ta sauke baƙi, suka zagaya rumfunan dukawa na ɗan lokaci, suka ɗauki hotuna, jagoransu ya kai su rumfa ɗaya tak inda yake da kamasho, suka wuce. Majemin da ya yi kwanaki yana jiƙa fata yana karta bai ga ko dala ba. Abin da ya kamata a riƙa ƙirgawa shi ne kwana nawa baƙo ya yi, da nawa ne ya tsaya a hannun 'yan gari.

Kuskuren da ya fi damuna kuwa shi ne mantawa da ruwa. Baƙi sun fi zuwa da rani, lokacin da hanyoyi suka bushe kuma namun daji ke taruwa a bakin tafki, wato daidai lokacin da Mayo Kaliyawo, kogin da ya ratsa Marwa, ke komawa rairayi tsantsa, mata da yara suna tona shi don su cika jarka. Otal guda mai wurin ninkaya da ciyawar da ake ba ruwa safe da yamma yana iya shanye abin da zai ishi gidaje da dama, kuma idan rijiyar burtsatsensa ta fi ta unguwa zurfi, ta unguwar ce za ta fara ƙafewa. Saboda haka bai kamata a ba da izinin gina masauki ba sai an san inda ruwansa zai fito da inda dattinsa zai tafi, a kuma rubuta iyakar abin da zai ɗiba a watannin Maris da Afrilu.

Gidajen haya ma haka. Barsalona ta sanar a 2024 cewa za ta kawo ƙarshen lasisin gidaje kusan 10,000 da ake ba baƙi haya kafin ƙarshen 2028, saboda kuɗin haya ya gagari 'yan gari. Garwa, wadda ta karɓi wasannin cin kofin Afirka a farkon 2022, za ta amfana da rajistar irin waɗannan gidaje tun yanzu.

Sai kuma tsara komai a ofis ba tare da lamiɗo da lawanai da masu unguwa ba, alhali su ne suka san ranar da hawan doki zai cika fili, da wurin ibadar da bai dace a kutsa da kyamara ba. A zauna da su a tsayar da yawan mutanen da za a shigar lokaci guda, a raba baƙi tsakanin wurare maimakon a tara su a ƙofar fada, a ba jagorori katin shaida. Kuɗin shigar da aka karɓa kuma a ba da rasidinsa, a liƙa lissafinsa a allon hukumar gari duk wata uku, a nuna sefa nawa aka kashe a kwashe shara da gyaran famfon unguwar da baƙin suka ratsa.