Darasi na Tara: Tsohuwar A-kori-kura da Littafinta

Ranar Lahadi, kasuwar Tawa, ku tsaya bakin tasha ku duba motocin da ke sauke kaya. Yawancinsu tsofaffin Toyota Hilux ne, wasu sun girmi direbobinsu. Jefi-jefi akan ga Peugeot 504 mai rumfar tamfal, irin wadda aka daɗe ana haɗawa a Kaduna. Su ke kwaso albasa daga Galmi, su kai gero Abalak, su komo da awaki. Ƙura da zafi da lodi ne ke gama da su a ƙasar Adar, kuma duka ukun mai mota yana iya rage ɓarnarsu in ya san lissafin motarsa.

Ku da kuka koyi karatu, ku sayi ƙaramin littafi ku ajiye shi cikin mota. A gaban direba akwai agogon da ke ƙirga kilomita. Duk ranar da aka yi bidanji, wato aka juye man inji, ku rubuta kwanan wata da lambar da agogon ya nuna. Tsohon injin gazuwal da ke aiki cikin ƙura yana son sabon mai bayan kilomita 5,000, kuma a canza filtar mai tare. Ku karanta galan da kanku: mai lamba 15W-40, wato lambar kaurin mai, shi ne wanda irin waɗannan injuna suka saba da shi. Mai mota ba ya cewa "ai ban daɗe da juyewa ba". Daga Tawa zuwa Yamai da komowa ya haura kilomita 1,000, sawu biyar kenan lokaci ya yi.

Da safe, kafin a tada inji, a zaro sandar awon mai, a goge, a maida, a sake zarowa. Mai ya tsaya tsakanin alamun nan biyu. In ya yi baƙi, ba komai, haka man gazuwal yake. In ya koma kamar shayi da madara, ruwa ya shiga, kada a tada motar, a kira makanike. A leƙa ruwan lagireto tun inji yana da sanyi. Wanda ya buɗe murfin da zafi, tafasasshen ruwa zai watso masa a fuska. Ruwan rijiya kuwa yana barin ɓawo cikin bututu har ya toshe su, sai watan Afrilu ya zo, zafi ya haura digiri 40, allurar zafin inji ta hau ja a tsakiyar daji.

Filtar iska ita aka fi mantawa, ita kuma ta fi shan wuya lokacin hunturu. A cire ta, a hura mata iska daga ciki zuwa waje. Ta takarda ba a wanke ta da ruwa. In ta huje, a sayi sabuwa. Na san direbobin da ke cire ta gaba ɗaya, wai don mota ta ja da ƙarfi. Rairayin da ke shiga shi ke cinye inji, sai hayaƙi da shan mai su biyo baya.

Akwai bel guda da ke ɓoye a gaban injin gazuwal na tsohuwar Hilux, shi ke daidaita motsin inji. Ana canza shi bayan kilomita 100,000, kuma wata ƙaramar wuta mai rubutu T-BELT tana kamawa don tuni. Ba ya kuka kafin ya tsinke, in ya tsinke kuwa sai an sauke kan inji. Wanda ya sayi mota ta hannu bai san yaushe aka canza ba, gara ya canza ya rubuta.

Man ruwa-ruwa na bakin hanya wani lokaci yana zuwa da datti ko ruwa. In dole ta sa, a tace shi da kyalle mai tsabta, a riƙa tsiyaye ruwan da ke taruwa ƙarƙashin filtar gazuwal.

Lodi: an ƙera motar don wajen tan ɗaya, buhu goma kenan na kilo 100. Ana ɗora mata ninki biyu, a ƙara fasinja a sama, sannan a yi mamakin karyewar sifirin da fashewar taya. A jikin taya akwai lambobi huɗu da ke nuna lokacin da aka ƙera ta: 2319 na nufin mako na 23, shekarar 2019. Ku karanta su kafin ku biya kuɗin tayar gwanjo. Takardu kuma, karti giris (rajistar mota), asirans (inshora), bizit teknik (binciken lafiyar mota) da permi (lasin tuƙi), ku rubuta ranar ƙarewar waɗanda ke ƙarewa a shafin farko.

Aikin gida: an yi bidanji agogo yana nuna 287,400. Yau yana nuna 291,150. Kilomita nawa suka rage kafin na gaba? Ku zo da amsa a rubuce, wanda ke da mota kuma ya kwafo mana lambobin tayarsa.