Yadda Ake Kafa Jerin Imel a Sabar Haya Ba Tare da Izinin Mai Gudanarwa Ba

Wanda ya kama gurbi a sabar da mutane da yawa ke rabawa tamkar ɗan haya ne: ɗakinsa nasa ne, amma mitar wuta tana hannun maigida. Ba shi da izinin root, wato cikakken ikon mai gudanar da sabar, saboda haka ba zai iya girka manhajar da ke taɓa tushen na'urar ba. Duk da haka yana iya kafa jerin imel mai aiki sosai daga cikin cPanel, shafin da kamfanin haya ke ba shi don sarrafa gurbinsa.

Da farko a tantance irin jerin da ake buƙata. Idan na tattaunawa ne, inda kowane mamba zai rubuta saura su karanta, manhajar Mailman ta fi dacewa. Idan na sanarwa ne, mutum ɗaya ke aikawa, to manhajar phpList ta wadatar.

Kafin a taɓa komai, a tambayi kamfanin da ya ba da hayar saƙo nawa ya yarda a aika a cikin awa ɗaya. A ganina wannan ne mataki mafi muhimmanci, kuma shi aka fi tsallakewa, domin saƙo ɗaya da aka tura wa mutum 400 yakan zama saƙo 400 a lissafin kamfanin, duk wanda ya wuce iyaka kuma ana iya dakatar da asusunsa.

Don kafa Mailman, a shiga sashen Email na cPanel, a danna Mailing Lists, a ba jerin suna da kalmar sirri, sannan a zaɓi ya zama na sirri ko na kowa. Daga nan a buɗe Manage, a sa dokar shiga ta zama sai mutum ya tabbatar da adireshinsa kuma mai kula ya amince. Akwai wani saiti mai suna from_is_list da ya kamata a mayar da shi Munge From. Dalili kuwa shi ne, tun watan Afrilun 2014 Yahoo ta umarci sauran sabobi su ƙi duk saƙon da ke ɗauke da adireshinta alhali ba daga wurinta ya fito ba, saboda haka mamba mai adireshin Yahoo zai rubuta, saƙon ya kasa isa ga wasu. Wannan saitin yana sa adireshin jerin a gurbin na mai aikawa.

Shi kuwa phpList ana girka shi ta Softaculous, sashen girka manhajoji a cPanel, da 'yan dannawa kaɗan. Aikin gaske yana cikin fayil ɗin config.php. Idan iyakar kamfanin saƙo 300 ce a awa, a sa MAILQUEUE_BATCH_SIZE (yawan saƙo a zagaye ɗaya) ya zama 250, MAILQUEUE_BATCH_PERIOD (tsawon zagayen) kuma daƙiƙa 3600, ragowar 50 ɗin a bar wa wasiƙun yau da kullum. Sai a je Cron Jobs, sashen cPanel na ayyukan da ke gudana da kansu, a tsara umarnin processqueue, wanda ke fitar da saƙonnin da ke jira, ya riƙa gudana duk bayan minti 15, don saƙonni su ci gaba da fita ko an kashe kwamfuta.

Bayan haka a buɗe Email Deliverability a cPanel a duba SPF da DKIM, hanyoyi biyu na tabbatar da cewa saƙo daga mai adireshin ya fito, in akwai matsala a danna Repair. Tun Fabrairun 2024 Gmail ke buƙatar aƙalla ɗaya daga cikinsu daga kowane mai aikawa.

A yi gwaji da adireshi biyu na kai, ɗaya na Gmail ɗaya na Yahoo. A Gmail a buɗe saƙon, a zaɓi Show original, a tabbatar an ga PASS a gaban SPF da DKIM, a kuma gwada mahaɗar fita daga jerin. Sai an gama wannan a gayyaci mutane, kuma kada a loda adireshin wanda bai nema ba, domin lambar IP (adireshin sabar a intanet) ɗaya ake rabawa da maƙwabta, ƙorafin da aka yi a kan mutum ɗaya yana iya jefa wasiƙun kowa cikin akwatin shara.