Kafin Ka Ce Amfilifaya Ta Mutu: Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Haɗa Sauti a Mota

Wani saurayi ne ya shigo garejinmu da Corolla daga wajen Gwallameji a nan Bauchi, gab da la'asar, gilasai duk a sauke. Tun bai kashe mota ba ƙaurin roba ya riga shi isowa. Ya fito yana cewa, "Oga, don Allah duba mini, amfilifayar da na saya ko sati ba ta yi ba ta ƙone." Na ɗaga bonet, na bi jar wayar da aka ɗauko daga kan batir da yatsa har inda ta shige cikin mota. Babu fis a kanta ko ɗaya. Ramin da aka zura ta kuwa ƙarfe ne tsirara mai kaifin baki, duk gargadar da motar ta faɗa sai ya ɗan ci robar wayar, har ya kai ga jan ƙarfen ciki. Kafet ɗin ƙarƙashin ƙafar direba ya narke, faɗin tafin hannu. Amfilifayar lafiyarta ƙalau. Na ce masa, "Ƙanena, yi hamdala. Motar ce gaba ɗaya ta so tafiya."

Abin da ke damuna a wannan sana'a ke nan. Mutum zai zuba kuɗi a kan wufa, babbar lasifikar da ke ba kiɗa nauyi, da amfilifaya mai ƙara wa sauti ƙarfi, abubuwan da ido ke gani, amma da an zo kan waya sai ya ce a nemo mai araha a lallaɓa. Alhali yawancin kayan da ake kawo mini da sunan sun lalace, wayarin ne ya cuce su.

Na fara da fis domin shi ne mai haɗarin rai. Da yawa suna ganin fis ɗin da ke jikin amfilifaya ya wadatar. Wancan amfilifaya kaɗai yake karewa. Doguwar wayar da ta taso daga batir ta ratsa ƙarƙashin kafet har but, mita huɗu ko biyar, ita wa zai kare ta? Batirin mota bolt 12 ne kacal, ba ya jan mutum, shi ya sa ake raina shi, amma idan wayarsa ta taɓa bodi yana iya turo ɗaruruwan amfiya nan take, waya ta yi ja kamar garwashi. Gyaran shi ne a sa fis kusa da batir, kada tazararsu ta wuce santimita 45, in ma ta gaza haka ya fi. Inda waya za ta ratsa ƙarfen da ya raba inji da cikin mota a bi ta ramin da ke da zoben roba, in babu a sa masa. Fis kuma idan ya ƙone, magana yake yi maka. Kada ka naɗe shi da zaren waya ko takardar sigari ka mayar, nemo abin da ya ƙona shi. Kuma duk wannan aiki ana yin sa ne bayan an cire kan batir na nagetif.

Sai kaurin wayar. Lambar waya a juye take: lamba 4 ta fi lamba 8 kauri, lamba 0 ta fi su duka. Ga lissafin da nake yi wa yaran shago a ƙasa da tsinke. Amfilifaya mai wat 500 na gaskiya, irin ta ajin D da ba ta cika asarar wuta ba, tana jan amfiya wajen 45 idan an sake ta. Wannan ba aikin wayar fanka ko ta soket ɗin gida ba ne, amma wallahi na sha cire irin su daga motocin mutane. A tsawon mota, lamba 4 ce daidai da ita. Lamba 8 ta ƙananan amfilifaya ce, ana sa mata fis na amfiya 40 zuwa 50, ita kuwa lamba 4 kamar 80 zuwa 100.

A nan ne kasuwa ke cin mutane. Akwai wayar da za ka gani jibgegiya, ka yanka ka tarar roba ce ta cika ta, zaren ciki bai kai tsinken tsintsiya uku ba. Akwai kuma wadda alminiyon ce aka shafa mata ruwan jan ƙarfe, a jikin ledarta za ka ga an rubuta CCA. Wutar da take ɗauka ba ta wuce kashi biyu cikin uku na abin da jan ƙarfe zalla mai kaurinta zai ɗauka, ga saurin cin tsatsa a bakin haɗi. Ko a Wunti ka je saye ko a Muda Lawal, roƙi mai shago ya yanko maka ɗan guntu. Kalli bakin yankan, ka kankare zaren da wuƙa. In fari ya bayyana alminiyon ce. In ita aljihunka ya iya, to ƙara kauri da mataki guda.

Wayar at, wadda ke tashi daga inda aka rubuta GND a jikin amfilifaya zuwa bodin mota, ita ce marainiyar wayarin. Kowa ya gama gajiya kafin ya iso kanta, sai a laluba kowane noti a but a maƙala. Wutar da ta shiga ta jar waya, ta nan za ta koma, saboda haka kaurinsu dole ya zama ɗaya. Ta kasance gajera, ƙasa da rabin mita. A samu ƙarfen bodi mai kauri, a goge fenti da samfefa sai ya yi ƙyalli, a sa kan waya mai zobe a ɗaure tamau, sannan a shafa giris a kai saboda damina. Fenti ba ya wuce da wuta. At maras kyau shi ne ke sa amfilifaya zafi ba dalili, ta riƙa ɗaukewa idan kiɗa ya yi nauyi, ko ka ji wani siririn kuka a lasifika wanda ke tashi idan ka taka totur ya sauka idan ka ɗaga ƙafa. Wannan kukan na altaneta ne, na'urar da ke cajin batir. In ka gyara at bai tafi ba, duba wayoyin RCA masu kai sauti daga rediyo: galibi za ka tarar an ɗaure su tare da wayar wuta. Raba su, wuta ta bi gefe guda na mota, sauti ya bi ɗaya gefen.

Ƙaramar wayar REM aikinta ta tashi amfilifaya idan an kunna rediyo. A bayan rediyo, shuɗiya ce mai farin zane. Wasu don gudun ciro rediyo sai su haɗa ta da babbar wayar batir, amfilifaya ta kwana a kunne, da asuba a nemi masu turi. Wasu kuma su haɗa da shuɗiya zalla, wadda a rediyoyi da yawa ta eriya ce: muddin kana kan FM komai na yi, da ka koma Bluetooth ko filashi sai tsit.

Maganar om, wato ma'aunin yadda lasifika ke tare wuta, ita ce yaran shago suka fi shan wahalar ganewa, har manyan ma. Yawancin lasifikan mota om 4 ne. Idan ka haɗa biyu kai da kai, fozitif da fozitif, nagetif da nagetif, sun koma om 2. Idan ka jera su, nagetif ɗin wannan ya shiga fozitif ɗin wancan, sun zama om 8. Duk sa'ad da om ya yi ƙasa, wutar da amfilifaya ke fitarwa ƙaruwa take, zafinta ma haka. Wani direban Sharan mai jigilar Bauchi zuwa Gombe ya taɓa ce mini sautinsa kullum kafin Alkaleri yake ɗaukewa, jar fitila ta kama, sai ya huce ya dawo. Wufa biyu masu om 4 aka haɗa masa kai da kai, aka kuma gada layi biyu na amfilifaya suka zama ɗaya. To idan an yi gada, kowane layi rabin om ɗin yake gani, wato om 1 ke nan ga amfilifayar da aka ƙera don om 2 a kowane layi. Na ce, "Malam, kayanka ba su da laifi, lodi aka yi musu fiye da kima." Muka warware gadar, kowace wufa ta samu layinta, magana ta ƙare. Yawancin amfilifayoyi masu layi biyu, in an gada su, om 4 ne iyakarsu. A rubuce yake a jikinsu ko a takardarsu.

Tunda na taɓo rubutu, wat 3000 ko 5000 da ake zanawa ɓaro-ɓaro a kwali ado ne. Nemi inda aka rubuta RMS, shi ne ƙarfin da kaya ke iya riƙewa. In ba ka gani ba, kalli fis ɗin jikin amfilifayar. Fis ɗaya mai amfiya 25, ka ninka da bolt 14, wat 350 ke nan, kafin ma a cire wanda ke tafiya a zafi. Daga ina dubu uku za ta fito?

Yanzu ga wanda ya fi kashe lasifika a garin nan: maɓallin da aka rubuta GAIN ko LEVEL. Kowa ya ɗauke shi maɓallin ƙara murya, sai a murɗe shi ƙarshe, a haɗa da BASS BOOST. Aikinsa kawai ya daidaita ƙarfin sautin da rediyo ke turowa da abin da amfilifaya ke iya karɓa. In ya wuce gona da iri, sautin yakan fashe, murya ta shaƙe, zaren da ke cikin lasifika ya yi ta gasuwa har wata rana ka ji ƙauri. Mutane da yawa sun saba da wannan fasasshen sauti har suna zaton shi ne ƙarfi, abin da ke ba ni takaici ke nan, domin ba su taɓa jin abin da kayansu ke iya yi ba. Yadda ake saita shi: mayar da shi ƙasa duka, kashe BASS BOOST, sa waƙar da kunnenka ya sani sarai, kai muryar rediyo kashi uku cikin huɗu. Sai ka riƙa ɗaga shi sannu a hankali. Da ka ji sauti ya fara kaushi, dawo baya kaɗan ka bar shi nan. Mai mitar auna wuta kuma yana da hanyar da ta fi kunne. A cire wayar lasifika, a sa sautin gwaji mai haz 50, a auna bolt na AC a bakin fita. Misali, in amfilifayar mai wat 400 na RMS ce a om 4, ka ninka su 1600, lambar da za ka ninka da kanta ta ba da haka ita ce 40. Da mita ta nuna bolt 40 sai a tsaya.

Kusa da maɓallin GAIN akwai LPF, mai barin sauti mai kauri kaɗai ya wuce, da HPF mai barin siririn. Wufa ta samu LPF a wajen haz 80, ta ji da nauyin kiɗa kaɗai. Lasifikan ƙofa su samu HPF a daidai nan, su huta da ɗaukar abin da ya fi ƙarfinsu.

Idan ka gama komai ka ji kiɗa ba nauyi, kamar ana buga shi a cikin gwangwani, wataƙila an juya wayar lasifika ɗaya, tana turawa 'yar'uwarta na ja, suna kashe juna. Ɗauki ƙaramin batirin rimot mai bolt 1.5 ka ɗan taɓa wayoyin. In fatar lasifika ta turo waje, wayar da ke kan fozitif ɗin batir ita ce fozitif. Ban da tiwita, ƙaramar lasifikar siririn sauti, a wannan gwaji. Kada kuma a kuskura a ɗaure nagetif ɗin lasifika a bodi don tsimin waya, kayan yanzu ba sa jure wannan. Haɗin waya kuwa a yi masa dalma ko a matse shi da kan waya. Murɗe-murɗe da salatif ba ya kai ko'ina a zafin Maris da Afrilu na Bauchi, gam ɗin narkewa yake ya saki.

Wannan zafin dai shi ya sa nake faɗa da masu cusa amfilifaya ƙarƙashin kafet, ko su kife ta, ko su jibga mata buhu a but. Iska take buƙata ta kowane gefe, kuma bayan hunturu a hure mata ƙura. In fitilun gaba suna lumshewa duk bugun kiɗa, kada a yi saurin sayar maka da kafasito, na'urar da ke ɗan ajiye wuta, ba ya ƙirƙirar wuta. Sa mita a kan batir inji na aiki. In ba ka ga bolt 13.8 zuwa 14.4 ba, daga altaneta da kawunan batir za a fara.

Ranar da muka sake wa saurayin nan wayarinsa, fis ne abu na ƙarshe da aka sa. Sai da na mayar da kan batir, na sake bin kowane noti da hannu, muryar rediyo tana ƙasa, sannan na miƙa masa fis ɗin na ce ya sa da kansa, don ya san inda yake.